Mun tsinci tsoffin sulalla cikin adakar kakarmu, wa ya san darajarsu?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Don Allah wanda ya san harkar tsoffin kuɗɗi ya ba ni haske, dan abin ya fara kawo ƴar hayaniya gidanmu. Kakarmu ce ta wajen uwa Allah ya yi ma rasuwa wata biyu ke nan, to da anka zo fidda kaya a lissafa mata sunka buɗe adakarta, can ƙarƙashin zannuwa sai ga wata ƴar kwalla an ɗaure bakinta da tsumma, ciki duk sulalla ne, wasu sun yi baƙi ƙirin wasu sun yi tsanwa-tsanwa. Ko innarmu ba ta san da su ba sai guda biyu da ta ce tun tana yarinya tana ganinsu wuyan tsohuwa ranar salla.

Ga abin da na ƙirga. Akwai manya guda shida masu nauyi, gaba hoton wata mace mai jiki da ɗan lulluɓi, baya tsuntsu mai kai biyu, duka an rubuta 1780. Biyu daga ciki an liƙa masu kunne na zura zare, guda kuma an huda ta. Sai wasu huɗu masu mutum uku tsaye, namiji mai gemu a tsaka mata biyu gefe da gefe, an rubuta 5 FRANCS, biyu 1873, guda 1875, ta huɗun ta suɗe ba a ganin lambar ƙarshe. Sai masu huji da tauraro wajen arba'in an shirya su cikin zare kamar tasbaha, wasu har da rubutun larabci, akwai ta 1936 ciki. Sauran marasa nauyi ne masu kan barewa 1948.

Wani mutum da ya ji labari ya zo har gida ya taya jikka sittin duka, ya ce ma taimako ne zai yi mana tunda ba a kashe su kasuwa. Ɗan kawuna kuma ya ce ya gani a Facebook kuɗin 1780 miliyoyi ne kada a kuskura. Ƙanwata ita kuma so take ta wanke su da toka da lemun tsami su yi haske kafin a nuna ma kowa. Mi ya kamata mu yi? kuma ya ake gane mai daraja da marar daraja?

Ƴar Tibiri:

Allah jiƙan tsohuwa ya sa ta huta. Kai kada ku saida wallahi, ni na ji an ce masu hujin nan akwai wani sinadari cikinsu da turawa ke nema, wani maƙwabcinmu an taɓa ce mishi guda ɗaya miliyan biyu in dai ta ja allura. Shekara ɗari biyu da wani abu fa ka ce jikka sittin, haba

Baba Maƙerin Fari:

Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta mata, shi ba ku haƙuri.

Yaro kafin komi ka tahi yanzu yanzu ka amshe kwallar nan daga hannun ƙanwarka. Toka da lemun tsami na kwano ne da tukunya. Baƙin nan da kake gani bisa azurfa ba dauɗa ba ce, shekaru ne sunka zauna mata, kuma masu tara irin waɗanga kuɗɗi shi suke so su gani, in anka goge da toka fuskar tana yin ƴan layuka ƙanana kamar an ja ta bisa rairai, kuma ba ta komawa har abada. Na sha ganin haka, mace ta kawo man abu tana murna ta gyara shi alhali ta rage mishi kuɗi da hannunta.

Ɗiyata ta Tibiri, ki yi haƙuri, zancen sinadari da jan allura zancen ƴan damfara ne. Shekara arba'in ina bakin maƙera ina narka ƙarhe iri iri, ban taɓa ganin komi ya hito cikin anini ba sai ƙarhe. Yadda suke yi, guda zai zo ya ce ana neman kaza miliyan biyu, ya tahi, bayan kwana uku wani ya ɓullo da irin abin shina saidawa jikka ɗari biyar, kai kuma ka ga riba ka saida akuya da gero ka saye, daga nan duka biyun ko lambarsu ba ta shiga. Ki tambayi maƙwabcin naku ko ya ga miliyan biyun da idonshi.

To manyan nan goma su ne abin magana, dan in na ƙwarai ne azurfa ce. Mai macen nan mu liyari muka taso muka ji ana ce mata, nauyinta gram 28 ne, kuma ba zalla ba ce, cikin kashi dubu 833 ne azurfa saura tagulla, wato kowace guda akwai wajen gram 23 da ɗan ɗori na azurfa tsantsa. Mai mutum uku gram 25 ce, ita kashi 900 ce, gram 22 da rabi ke nan. Yi lissahi da kanka, shida da huɗu za su ba ka wajen gram 230. Raba jikka sittin da 230 ka gani, gram guda ya kama tamma 260 da ƴan kai, dala hamsin da biyu. Shiga kasuwa ka tambayi kowane maƙeri nawa yake sayen gram na azurfa yau, in ka ji amsa za ka san irin taimakon da mutumen naku ya zo yi maku.

Amma fa kada ka yi murna tukuna, akwai jabu da yawa, tun zamanin da ake yin su ba yau ba. Gwaji uku za ka yi kuma duk ba su ɓata abu. Na farko sikeli, irin ƙaramin nan na masu saida zinariya, wadda ta sha hannu tana iya rage rabin gram ko kusa, amma in ka ga liyari ta faɗo 23 ko 24 to akwai magana. Na biyu mayen ƙarhe, azurfa ba ta kama shi, sai dai ka sani tagulla da dalma ma ba su kamawa, saboda haka rashin kamawa shi kaɗai ba shaida ba ne. Na ukku kunne, ɗora ta bisa kan yatsa ka ɗan taɓa gefenta da wata, azurfa tana kuka mai tsawo tiiiin har ka gaji da ji, dalma kuwa ƙwas take yi ta yi shiru. Kada ka bari kowa ya karce ta da magagari ko ya ɗiga mata ruwan gwaji bisa fuska, ko ni ne.

Mushen Tarihi:

Ta'aziyya ɗan uwa. Baba ya gama magana kan ƙarfe, ni bari in taɓa zancen 1780 ɗin nan dan shi ne ke ruɗa mutane, har ɗalibaina sun sha kawo man hoto a waya.

Matar sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, kuma 1780 shekarar da ta mutu ce. Abin da ya faru, ƴan kasuwa a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasashenmu sun riga sun yarda da wannan kuɗin, sun san nauyinsa sun san hoton, in ka canza ko ɗigo ba su amsa. Sai aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ɗaya ba a canzawa, shekara da shekaru. Ba Ostiriya kaɗai ba, an buga a Rum, a Landan, a Paris, a Brusel, har Bombay ta Indiya, wajen shekarun 1930 da 1940, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Biyana, babban birnin Ostiriya, yana bugawa da 1780 a jiki. An buga sama da miliyan 300. Saboda haka taka tana iya zama ta shekara ɗari biyu, tana iya zama sa'ar babanka. Masana suna bambanta su ne da ƙananan abubuwa, adon da ke kafaɗar matar, gashin wutsiyar tsuntsun, siffar ɗan gicciyen da ke bayan lambar 1780, kuma galibin waɗanda ke hannun mutane na baya-bayan nan ne da kuɗinsu bai wuce na azurfarsu da ɗan ƙari ba.

Ni abin da ya fi burge ni a kwallar kakarku ma tarihin ne. Baturen nan ɗan Jamus Barth da ya ratsa ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina da Kano a 1851 ya tarar ana canza irin wannan azurfa guda da wuri 2,500. Masu 5 FRANCS ɗin kuwa na Faransa ne, kuma ka lura har yau mu ba mu ƙirga da tamma sai da dala, biyar biyar, ka ce dala ashirin kana nufin 100. Babbar azurfar tamma biyar ita ce ta gaji sunan dala, azurfar ta tafi lissafin ya zauna.

Masu huji na Ingilishi ne, anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo, na ƙasashen da Ingila ta mallaka a Afirka ta Yamma, an fara su 1907. Ba abin mamaki ba ne a same su Maradi, iyayenmu kullum suna bisa hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, kuɗin can da na nan duk aljihu guda. Ta 1936 duba sunan da ke jiki, in ka ga EDWARDVS VIII to sarkin nan ne da bai cika shekara ba ya sauka saboda mace, abin sha'awa ne a ajiye, amma an buga su da yawa ƙwarai, ba su da tsada. Masu kan barewa na 1948 sanholo ne, tamma guda da tamma biyu, farkon sulallan sefa ke nan tunda ita sefar an kafa ta Disamba 1945. Su ma sun yi yawa. Ka ba yara su kai lakwal a nuna, ya fi a saida.

Ni fa har mamaki nake, dala hamsin ɗin nan mai launi biyu ta 1992 da banki bai taɓa sokewa ba sai ka miƙa ma mai tebur ya ce ba ya amsa, amma anini da aka daina kashewa tun kafin a haife mu shi ake ce ma miliyan biyu.

Na Marsai:

Salam, Allah ya jiƙan kaka. Ni ɗan Sabon Gari ne amma ina zaune Faransa, kuma akwai wani tsoho mai butik ɗin tsoffin kuɗi kusa da inda nake aiki, ina yawan zama wurinshi in na tashi, to ɗan abin da na koya ke nan.

Su abu uku suke dubawa kuma tsufa ba ya ciki sosai: nawa aka buga a wannan shekarar a wannan gidan bugun, yaya lafiyar jikinta, sannan mutum nawa ke nemanta. Akwai kuɗin Rumawa na tagulla mai shekara fiye da 1,600 da yake zubawa cikin kwano bakin ƙofa kamar gyaɗa kowa ya zaɓa da araha, kuma akwai na shekara sittin da yake kullewa cikin kabad.

Lafiyar jiki tana da matakai. Nan Faransa haruffa suke sawa, B ita ce wadda ta suɗe sai dai a gane ko mece ce, TB ta sha hannu amma rubutu duk ya fito, TTB ta yi yawo kaɗan ƙananan zane suna nan, SUP kusan sabuwa, sai SPL, sai FDC wadda kamar yanzu ta faɗo daga injin ko aljihu ba ta taɓa shiga ba. Amurkawa kuma lamba suke ba da wa daga 1 zuwa 70, wani Sheldon ya fito da tsarin a 1949, kuma akwai kamfanoni irin PCGS da NGC da ake aika ma su duba su sa lamba su rufe cikin roba. Tsakanin TB da FDC na kuɗi iri guda shekara guda farashi yana iya ninkawa sau da yawa, shi ya sa ake faɗa kan mataki guda.

In za ka duba naka ka riƙe ta gefe da yatsa biyu kada ka danna fuskar, ka fita haske da safe ba cikin rana tsaka ba, ka juya ta a hankali. Wurin da ya fi tudu shi ke fara cinyewa. A mai macen duba gashin goshinta da kumatu da adon kafaɗa, in adon ya zama sumul ba ka ganin ƴan ƙwayoyin to ta yi yawo sosai. A mai mutum uku duba gemun namijin da ƙirjinshi da fuskokin matan. Duba gefe kuma, ta Faransa akwai rubutu mai tudu DIEU PROTEGE LA FRANCE zagaye da ita, ta Ostiriya IUSTITIA ET CLEMENTIA, jabu sau da yawa nan suke kasawa, rubutun ya yi laushi ko ka ga layi a tsaka kamar inda aka haɗa gida biyu aka zuba narkakken ƙarfe.

Yanzu maganar da ba daɗi. Wadda aka huda da waɗanda aka liƙa ma kunne, a wurin masu tarawa sun fita layi, kamfanonin can ma ba su ba su lamba, haka wadda aka goge. Kuɗin azurfarsu kawai za a ba ka, ko mai son kayan ado na da ya saya. Kuma kada wani ya ce maka ka aika waje a sa lamba, kuɗin aikawa da na dubawa sai su fi kuɗin abin.

1873 da 1875 shekaru ne da aka buga miliyoyi, na gama gari ne. Duba ƙasan bayanta akwai harafi, harafin A na Paris ne, K na Bordo. Amma ta huɗun nan da ka ce lambar ƙarshe ta suɗe ita nake so ka duba da kyau, dan akwai ta 1871 mai harafin A da aka buga lokacin da ƴan tawaye suka riƙe Paris, tana da ƴar alama kamar mashi mai baki uku kusa da harafin, wannan ana nemanta ko ta ɗan sha hannu. Ban ce ita ce ba fa, kada a je a ce na ce.

Zancen Facebook kuma, kowa yana iya sa hoto ya rubuta miliyan goma, ko ni sai in sa takalmina. A shafin ciniki na eBay akwai inda ake danna a ga waɗanda aka riga aka saida da nawa aka saida, nan za ka duba ba wurin masu tayi ba. Shafin tsoffin kuɗi na Numista kuma za ka sa ƙasa da shekara ta nuna maka nauyi da faɗi da yawan da aka buga, kyauta ne.

Malam na Limanci:

Allah ya jiƙanta da rahama. Tunatarwa ce kawai, wannan dukiyar magada ce, ko anini guda kada wani ya ɗauka da sunan tsaraba ko ya saida shi kaɗai sai kowa ya sani ya yarda. A kimanta a gaban shaidu, wanda ke son ya riƙe wata a lissafa cikin rabonsa. In za a saida azurfa a yi hannu da hannu, a miƙa a amsa wuri guda, ban da a ba mutum ya tafi da ita ya kawo kuɗi jibi. Zakka kuwa gram 230 bai kai nisabi ba shi kaɗai, nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen gram 595.

Ƴar Tibiri:

To Baba na ji, na kuma tambayi maƙwabcin namu ɗazu ya ce in bar tada zancen dan har yau matarshi ba ta yafe mishi tunkiyarta ba

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka. Baba Allah shi ƙara girma, Mushe da Malam da ɗan uwa na Marsai duk na karanta ma kawu saƙonku baki da baki.

Baba na makara kaɗan, kafin in iso gida ta riga ta goge guda biyu, liyari guda da ta 1875, suna ta ƙyalli kamar sabon cokali tana jiran in yaba mata. Da na kai su haske na juya sai ga layukan nan da kunka ce, rututu. Sauran dai na ƙwace na naɗe kowace cikin takarda daban.

Yau da hantsi munka tahi kasuwa ni da kawu da ɗan kawun nan mai miliyoyi, wani mai saida zinariya ya ɗora mana bisa sikelinshi. Liyari ukku sun ba da 27.8 da 27.9 da 28, masu kunne sun ɗan haura saboda kunnen, amma wadda anka huda 22 ta ba da, kuma da ya taɓa ta ko kuka ba ta yi ba, ya kai ta bakin taga ya nuna muna cikin hujin ja ne. Ashe tagulla ce anka shafe. Kawu dariya ya yi har da hawaye ya ce Allah kaɗai ya san wanda ya cuci tsohuwa da ita ko mijinta. Masu mutum uku duka huɗu lafiya lau, 24 da rabi zuwa 25. Mun tambayi maƙera biyu wuri daban daban ba tare da mun nuna gaggawa ba, duk da an cire jabun abin da sunka taya kan tara ɗin ya fi ninki biyu na jikka sittin. Mutumen nan ya kira ni da la'asar ya ce ya ƙara jikka goma, na ce mishi magada ba su gama shawara ba.

Innarmu ta ce masu kunnen nan biyu ita ba za a narka su ba tana raye, a sa mata cikin rabonta, kowa ya yarda. Masu huji Mushe in ka faɗa man inda zan same ka zan kawo ma biyar na ɗalibai in sauran sun amince, ta 1936 ɗin kuwa EDWARDVS VIII ne kamar yadda ka ce.

Na Marsai, ta huɗun nan na ari gilashin mai gyaran waya na duba har idona ya yi ruwa, harafin A ne tabbas, lambar ƙarshe kuma tsaye take da ɗan ƙugiya sama, ni 1 nake gani kawu ya ce 4 ce ƙafarta ta suɗe. Gefen harafin akwai ƴan alamu biyu ƙanana amma baƙi ya cike su kuma na ji tsoron sa allura. Gobe da sahe in rana ta hito zan ɗauko hoto gaba da baya da gefe in sa nan, ko za ka nuna ma tsohon naka. Ta wane gefen harafin mashin yake zama, dama ko hagu?